Cin Tuwo da Cin Gari

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin lugga, ko ya buɗe ƙamus yana neman bayanin wata kalma, ya san cewa dogayen kalmomin nan masu ban tsoro, waɗanda almajiri ke tuntuɓe a kansu ranar da ya fara gamuwa da su, ba su cika wahalar da mai sharhi ba, domin galibinsu ma'ana ɗaya gare su, a faɗe ta cikin layi guda a wuce. Waɗanda ke tsayar da alƙalami, har su sa malami ya yi jim yana shafa gemu, su ne 'yan gajerun da yaro ke furtawa tun ana goya shi. Turawan Ingila masu tsara babban ƙamusun Oxford sun ɗanɗana wannan, gama a bugunsu na 1989 fi'ilin da ya fi kowane yawan ma'anoni shi ne wani mai harafi uku da ke nufin ajiyewa ko kafawa, wanda suka lissafa masa ma'ana 430. Da suka sake bitar aikin, sai a 2011 aka bayyana cewa ɗan'uwansa mai nufin gudu, shi ma harafi uku, ya shige gabansa da ma'ana 645, bayan wani masani ya shafe wata tara yana fama da shi shi kaɗai. A harshensu ruwa gudu yake yi, inji gudu yake yi, mai neman kujerar mulki ma gudu yake yi. Ba banza ba Firuzabadi, wanda ya rasu a shekara ta 817 bayan Hijira, ya sa wa littafinsa na lugga sunan teku mai kewaye, har sunan ya bi duniya ya zama shi ne ƙamus ɗin da muke faɗi a yau.

To, Bahaushe ba sai ya ƙetare teku ba kafin ya ga irin wannan abin al'ajabi, domin yana da nasa a bakinsa, harafi biyu tak, wato ci. Wanda ke son ya ji faɗin wannan kalma, ya isa ya wuni a Dakoro ranar kasuwa, a wannan gari da ke kimanin kilomita 120 arewa da Maradi, inda ƙasar noma ke ƙarewa ƙasar kiwo ta soma, ya kasa kunne kurum. Tun da hantsi zai ji an ce kasuwa ta fara ci, alhali kuwa kasuwa ba ta da baki. Zai ga Bagobiri da Bafillace da Ba'azbine sun zo cin kasuwar, wato ita tana ci su kuma suna cin ta, ba kuwa wanda ya ga saɓani a cikin zancen. A wajen bisashe zai tarar da dillali riƙe da igiyar rago yana rantsuwa: "Alhaji, wallahi a jika arba'in ban ci komai ba, ko ladan bakina." Mai saye kuwa ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya taɓa gadon baya, ya ce, "Haba Malam, kada ka ci ni ido biyu, ai ni ma ɗan kasuwa ne." Can gefe wata dattijuwa na ƙorafi cewa zanen da ta saya bai ci kuɗinsa ba, ɗan kabu-kabu na ba abokansa labarin yadda aka ci shi tara a hanya, wani saurayi ya ci ado ya fito ba don ciniki ba, wani magidanci na amsa barka domin ɗiyarsa ta ci jarrabawa, wuta na ci a maƙera. A cikin wannan taro duka, mai tsire ne kaɗai ke jiran wanda zai ci da baki.

Malaman balaga suna kiran wannan ishtiraki, wato lafazi ɗaya ma'anoni da yawa su yi tarayya a cikinsa, kuma sukan raba su gida biyu, haƙiƙa da majazi, sa'an nan su ce ƙarina ce ke nuna wa mai sauraro wadda ake nufi. Zamakhshari, wanda ya rasu a 538 bayan Hijira, a kan wannan rabo ya gina ƙamusunsa Asasul Balaga: ya kawo ma'anar asali tukuna, sa'an nan ya bi ta da na aro. In muka bi tafarkinsa, haƙiƙar ci ita ce a sa abu a baki, a tauna, a haɗiye. Amma ko a nan ma Bahaushe yana da tsantseni irin nasa, domin ya raba abin da ke shiga ciki tsakanin ci da sha bisa wata ƙa'ida da ba a koya wa kowa, kowa kuwa ya san ta. Tuwo da nama da goro ci ake yi. Fura da kunu sha. Rake da kankana da mangwaro sha ake yi, ko da yake da haƙori ake kama su. Magani sha ne ko da ƙwaya ce busasshiya. Taba in gari ce an ci, in sigari ce an sha. A ƙauyukan arewacin Maradi, inda fura ita ce ginshiƙin abinci, mutum na iya wuni cikinsa cike bai ci komai ba, sha kawai ya yi.

Abubuwa uku ne ke faruwa duk lokacin da aka kai loma baki: abu ya bar wurinsa ya koma cikin wani, abin ya ƙare, wanda ya ci kuma ya ƙaru da shi. A ganina duk majazin wannan fi'ili daga ɗaya cikin ukun nan yake ɗiba, wani lokaci daga biyu ko duka. In wuta ta ci rumbu, ko ruwa ya ci mutum, ko tsatsa ta ci ƙarfe, ko ciwo ya ci ƙarfin majiyyaci, ƙarewar ake nufi. In mutum ya ci riba, ko ya ci gado, ko ya ci moriyar abu, ƙaruwar ake nufi. In kuwa ya ci gari, to an haɗa dukkan ukun.

Jahizu, malamin Basra da ya rasu a 255 bayan Hijira, ya tsaya a kan wannan mas'ala a cikin Kitabul Hayawan, inda ya lura cewa wanda ya taɓa dukiyar maraya ana ce masa ya ci ta, ko da tufafi ya saya da ita ko dabbar hawa, bai kashe ko dirhami guda a kan abinci ba. Alƙur'ani mai girma da fi'ilin ci ya ambaci wannan laifi a Suratun Nisa'i, da shi ya ambaci riba da karɓar dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba a Suratul Baƙara, a Suratul Hujurati kuma ya misalta mai gulma da mai cin naman ɗan'uwansa. Saboda haka mai fassara a wurin tafsirin azumi ba ya shan wahala a waɗannan wurare. Larabci ya ce ci, Hausa ta ce ci, magana ta zauna daram. Wannan dacewa ce ta sa wasu ke zaton daga Larabci muka aro ɗabi'ar gaba ɗaya. Ni dai ban yarda da haka ba sai kaɗan. Mai yiwuwa ne cin naman mutane da cin dukiyar maraya ta bakin malamai suka yaɗu, amma saiwar ta girmi zuwan littafi, gama Yarabawa da fi'ilinsu na ci suke faɗin hawa sarauta da ɗaukar bashi, mutanen gabashin Afirka masu Sawahili kuma rashawa cin ta suke yi kamar mu. Har Faransancin da ake yi a titunan Yamai da Maradi ya kamu, domin a cikinsa ma ana cin kuɗi, irin maganar da ta ba wani masanin siyasa Bafaranshe, Jean-François Bayart, sunan littafinsa na 1989 a kan siyasar ciki.

Babu inda wannan kalma ta fi ƙarfi kamar a bakin masu ba da labarin sarauta da yaƙi. Kusa da Dakoro akwai Birnin Lalle, ɗaya daga cikin tsofaffin mazaunan sarautar Gobir bayan fitowarsu daga Azbin, kuma wanda ya bi tarihin wannan gida daga nan zuwa kudu zai ga kusan fi'ili ɗaya ne ke ɗauke da shi. A ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, aka kafa Alkalawa. A 1808 rundunar jihadi ta ci Alkalawa, Sarki Yunfa ya faɗi a nan. A 1836 aka ci Gobirawa da Katsinawan Maradi a Gawakuke, sa'an nan aka kafa Tsibiri. Tsakanin waɗannan kuwa, kowane sarki an ce ya ci sarauta ne, ba a ce ya karɓa ba, kai ka ce gadon mulki akushi ne da ake miƙa wa mutum ɗaya sauran 'yan sarki suna kallo. Wannan ma'ana ce ta sauko daga fagen fama zuwa fagen wasa: mai dara yana cin 'ya'yan abokin karawarsa, ɗan ƙwallo yana ci, ɗan takara yana cin zaɓe, ɗan kokowa kuma, tun da aka soma gasar ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya lashe, cin takobi yake yi. Wanda aka kayar fa? Shi sha yake yi: ya sha ƙasa, ya sha kaye, ya sha kashi.

Masana harshe sun daɗe da lura da wannan gaba da ke tsakanin 'yan'uwan biyu, wato ci da sha. Bargery ya tara misalansu a ƙamusunsa na 1934, Abraham ya ƙara a nasa; Claude Gouffé, Bafaranshe da ya yi nazarin Hausar Nijar, ya rubuta maƙala sukutum a 1966 a kan ci da sha; daga baya, a 2009, Philip Jaggar da Malami Buba suka taƙaita al'amarin da cewa ci yana karkata zuwa rinjaye, sha kuma zuwa jurewa. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, tana kuma warware abubuwa da yawa: an ci nasara an sha wahala, an ci riba an sha asara, an ci sarauta an sha ɗauri, an sha rana, an sha duka, an sha kunya. Dalilinta ma a fili yake, domin mai tauna yana aiki da haƙori a kan abin da ke da tauri, mai sha kuwa buɗe maƙogwaro kawai yake yi abu ya wuce.

Sai dai harshe ba ya zama cikin shingen da aka yi masa. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, ga ci biyu a numfashi ɗaya, na farko rinjaye, na biyu wahala tsantsa. Ana cewa wane ya ci wuya, ya ci duka, ya ci karo da bango, ba ko ɗaya daga cikinsu da ke da ƙanshin nasara. A ɗaya gefen kuma mahayi na shan gaban abokinsa, mai wayo na shan kan mai gardama, mai hutu na shan iska, kuma ba wanda zai kira waɗannan jurewa. Abin da nake gani shi ne, idan Bahaushe ya ce an ci wuya maimakon an sha, yana nuna cewa wahalar mai tauri ce, sai da aka tauna ta. Ƙa'idar masana tana nan, amma kunnen mai harshe ne alƙali na ƙarshe.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da wannan fi'ili shi ne ba ya yanke hukunci. Da shi ake yabo mafi girma, da shi ake zargi mafi muni, shi kuwa bai sauya ko wasali ba. Nauyin duka yana kan maf'uli, wato abin da aka ci. A ce wane ya ci, sai jama'a su yi shiru su jira kalma ta gaba, domin tsakanin ya ci nasara da ya ci amana akwai tafiyar da ta fi ta Dakoro zuwa Makka. Dubi jerin laifuffukan da muka rataya masa: cin amana, cin zali, cin zarafi, cin mutunci, cin fuska, cin dunduniya, cin hanci, ci da ceto, ci da addini. Kowannensu yana ɗaukar abin da ba a gani, ya mai da shi kamar abin da ake iya gutsura. Mutunci a wannan lissafi dukiya ce da mutum ya tara shekara da shekaru, wani ya zo ya cinye masa a zama ɗaya gaban jama'a. Amana ajiya ce da aka ba ka ka tsare, ka mai da ita kalaci. Fuska kuwa ita ce abin da mutum ke fita da shi cikin mutane, in an ci ta, da me zai fita? Akwai hikima a nan wadda ta dace da abin da malaman fiƙihu ke faɗi game da haƙƙin bayi, cewa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai sai an mayar ko an nemi yafewa. Abin da aka haɗiye kuwa mayar da shi ba sauƙi, shi ya sa in an tilasta wa azzalumi ya biya, sai mu ce an sa shi ya amayar. Akwai kuma wata ma'ana da kowane baligi ya sani, wadda ake ji a bakin tasha in faɗa ya kaure, kunya ta hana a rubuta ta. Ita ma ba ta fita daga wannan lissafi na rinjaye ba.

A ƙasar Dakoro wannan rashin hukunci na fi'ilin yakan zo har gaban masu shari'a. Tun da Faransawa suka mai da garin mazaunin hukuma a 1947, manoma ke ta hauhawa arewa suna sheme daji, har gwamnatin Nijar ta kafa dokar 26 ga Mayu 1961 wadda ta shata iyakar noma ta arewa, iyakar da a wannan yanki ta bi wajejen kwarin Tarka: kudu da ita ƙasar gona, arewa da ita ƙasar makiyaya. Takarda ta shata, amma yawan jama'a da gajiyar ƙasa da fari sun tura garma ta ƙetare. Saboda haka kowace kaka, kafin ranar da hukuma ke tsayarwa ta sakin gonaki, akan ga irin wannan zama a ƙofar mai gari. Manomi ya zube, ya ajiye 'yan karan hatsi da aka tattake a gabansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, shanun nan sun ci mini gona cikin dare, hatsi ya riga ya yi tumu, ga shaida." Ardo ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, inda gonar nan take burtali ne tun zamanin kakanninmu. Mu ba mu ci gona ba, gona ce ta ci hanya." Kowannensu ya yi amfani da fi'ili ɗaya, kowannensu kuma ya faɗi gaskiya gwargwadon abin da idonsa ya gani, domin saniya ta ci a dare guda, gona kuwa ta ci a shekara talatin, taki ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kama ta tana tauna. Dattawa su je su auna ɓarna, a ƙiyasta damma nawa, a ci wani tara. In an yi adalci a tashi da addu'a, in ba a yi ba, wanda aka kayar ya tafi yana gunaguni cewa an ci hanci. Ƙara da kariya da hukunci da zargin hukuncin, duka da kalma guda aka yi su.

Wani zai ce ai wannan duka ado ne na magana, majazin da ya daɗe har aka manta asalinsa. A birnin da abinci bai taɓa yankewa ba, watakila haka ne. A nan kuwa haƙiƙar ba ta taɓa yin nisa ba, domin mutanen wannan ƙasa sun san shekarun da tambayar me za a ci ta kori kowace tambaya: 1973 da 1974, 1984 da 1985, sa'an nan 2005, lokacin da aka buɗe wuraren jinyar yara masu tamowa a Maradi da Dakoro. A irin waɗannan shekaru mata kan shiga daji su tsinko 'ya'yan anza, su ɓare, su jiƙa kwana da kwanaki suna sauya ruwa har ɗacin ya ragu, sa'an nan a dafa; a haɗa da ganyen jiga da tafasa. A nan ne wani reshe na fi'ilin ke fitowa, wanda mai ƙoshi ba ya yawan bukata: a ce abu yana ciwuwa, wato ba daɗi gare shi ba, amma yana wucewa.

Daga wannan hali ne cin bashi ke samun cikakkiyar ma'anarsa. Lafazin ya ɗora aikin a kan mai karɓa, shi ne fa'ili, shi ya ci. Amma a bi lissafin a gani. Tsakiyar damina rumbu ya ƙare, ga noma na jira, hatsi kuma ya kai ƙarshen tsadarsa; magidanci ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓi tiya kaɗan ko 'yan kuɗi, da sharaɗin zai biya da hatsi in kaka ta yi, lokacin da farashi ke faɗuwa ƙasa warwas, sai ya zama abin da zai mayar ya ninka abin da ya karɓa. Talakawa sun raɗa wa irin wannan ciniki suna a ci ba daɗi, kuma ban san malamin balagar da zai iya gyara wannan suna ba. Shekara ta juyo, sai ka ji jumlar ta kife: jiya wane ya ci bashi, yau bashi ya ci wane, har ya cinye gonar.

Cin rani shi ma a nan ya samo asali. Da an gama girbi an ɗaure damma, sai samari da magidanta su duba rumbu su ƙidaya bakuna, su ga ba zai kai wata damina ba in kowa ya zauna. Sai masu ƙarfi su ɗauki buhu su nufi Maradi, ko Jibiya da Katsina da Kano da Legas, wasu su yi arewa zuwa Agadas da Arlit, har Aljeriya da Libiya, su yi ga-ruwa, su yi dako, su yi gadi, su kafa teburin shayi, gardawa kuma su bi malamansu da allo. Ribar farko ta wannan tafiya ba kuɗin da za a aiko ba ne. Ita ce hatsin da mutum bai ci ba a gida. Ya bar wa mata da yara da tsofaffi rabonsa, shi kuwa ya tafi ya ci ranin kansa, wato ya cinye watannin nan busassu ɗaya bayan ɗaya har hadari ya taso. Ban san wata kalma da ta bayyana dabarar talaka a taƙaice kamar wannan ba: tun da ba abin ci, a ci lokacin. Shi ya sa yunwar 1984 ta yi wa mutane ciwo biyu, domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi a watan Afrilu na wannan shekara, hanyar cin rani ta toshe, har aka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari. Shekara goma kafin nan kuwa, lokacin da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, cikin manyan zarge-zargen da aka yi wa masu mulki har da karkatar da abincin agaji da aka aiko wa masu yunwa. A wannan karo majazi da haƙiƙa sun haɗu, gama da talaka ya ce manya sun ci, ba ya bukatar ƙarina.

Zamanin siyasa da jarida ya ɗora wa wannan ɗan fi'ili kaya biyu masu nauyi. Na farko cin gashin kai, wanda aka riƙa faɗi lokacin da ƙasashenmu ke shirin fita daga hannun Turawa, kafin 3 ga Agusta 1960, ranar 'yancin Nijar. Yara da yawa suna zaton gashin da ke kan mutum ake nufi, alhali gashi ne na nama a wuta, wato mutum ya gasa da kansa ya ci da kansa, ba mai yanka masa rabo. Na biyu ci gaba. A asali ba ya nufin komai sai a ɗora daga inda aka tsaya, kamar yadda malami ke ce wa almajiri in ya kakare a tsakiyar aya. Amma rediyo da takardun hukuma sun ɗauke shi suka mai da shi sunan duk abin da ake fata, hanya da asibiti da makaranta da famfo, har aka raba duniya gida biyu, waɗanda suka ci gaba da waɗanda ke bin baya. Duk ƙauyen da ka shiga a wannan yanki sai ka ga allon wata ƙungiya da ta zo da wannan kalma, wani allon ya fi aikin da ya sanar daɗewa. Mutanen karkara kuwa, waɗanda rijiyoyinsu ke da zurfin da sai an ɗaura igiyar wasaki ga sa ko raƙumi ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya iso baki, suna da amsarsu a shirye, sukan ce ci gaban mai haƙar rijiya ne. Galibi da ba'a ake faɗin wannan, ana nufin ana aiki ana yin ƙasa. Amma a ƙasar da ruwa ke can ƙarƙashi, mai haƙar rijiya ba shi da wata hanya zuwa biyan bukata sai ta ƙasan, saboda haka karin maganar ba ta da kaifi ɗaya a Dakoro da a Kano.

Har yanzu kuma fi'ilin bai ƙoshi ba. Kayan zamani da suka shigo, ba a ƙirƙira musu sabuwar kalma ba, shi aka miƙa musu, kuma an raba su tsakaninsa da ɗan'uwansa bisa tsohuwar ƙa'idar nan ba tare da an yi taro ba. Babur mai yake sha, amma gyaransa kuɗi yake ci. Hanyar yashi tana cin taya. Wayar hannu tana cin caji, in kuma aka daɗe ana gaisawa da ɗan cin rani da ke Tamanrasat, ta cinye kuɗin da aka sa mata tun ba a kai ga tambayar yaushe zai aiko ba. Yaran da ke zaune a rumfar mai cajin waya suna kallon ƙwallon Turai, waɗanda ba su taɓa jin sunan Bargery ba, in ka tambaye su yadda wasan jiya ya ƙare, za su ce maka an ci su biyu, sun sha da ƙyar a zagaye na farko, alƙalin wasa kuma ya ci kuɗi.